Dutsen Ƙasa da Ɗanɗanon Ruwa: Tarihin Taswirar Ƙarƙashin Ƙasa a Tabla da Ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Yamai ya nufi Filinge, bayan ya yi kusan kilometir 100 bisa tudu mai marmara da geza da sabara, sai ya ga hanya ta gangara da shi cikin wani kwari mai faɗi a Baleyara. Nan take ƙasa ke sake kama: marmara ta ƙare, rairayi ya fara, ga goriba, ga gawo, ga garake ko da tsakiyar rani ne. Wannan kwari shi ne Dallol Boso. Kalmar “dallol” Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Garin Tabla yana cikinsa, gaba kaɗan da Baleyara, a ƙasar Tagazar. Daga nan kwarin ya miƙe arewa, ya bi ta Bonkuku a ƙasar Imanan, ya kai Filinge da ƙasar Kurfai, har ya haɗe da Azawak. Ta kudu kuwa ya bi ta Birnin Gaure ya faɗa kogin Kwara kusa da Bumba. Kogi ne babba a zamanin da Sahara ke da ruwa. Yau ba ya gudu a sama, sai a ƙarƙashin rairayi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da kowane mazaunin wannan yanki ya sani ba tare da ya shiga aji ba. Me ya sa cikin kwari ɗaya za a iske rijiya biyu kusa da juna, ɗaya ruwanta da daɗi, ɗaya zartsi? Me ya sa ruwan tudu, wanda ba shi da nauyi a baki, yake cinye ƙarfen fanfo cikin ƴan shekaru? Amsar tana cikin irin ƙasa da dutsen da ruwan ya kwanta a ciki. A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin yadda aka san haka: wa ya zana taswirar abin da ke ƙarƙashin Tabla da Kurfai, yaushe, da wace manufa, kuma yaushe ne aka fara haɗa launin taswira da sinadaran da ke cikin ruwan sha. Za a ga cewa an yi jinkiri wajen wannan haɗi, kuma jinkirin bai tafi kyauta ba.

Don sauƙin karatu, abin da ake ce wa nappe da Faransanci mun kira shi “makwancin ruwa”, socle kuma “tsohon dutsen gindi”, couche “shimfiɗa”.

2. Taswirar da ba a rubuta ba

Kafin a zo da takarda, akwai masu sanin ƙasa iri uku a wannan yanki, ko da yake ba a kiran su da wannan suna: mai ginar rijiya, da maƙeri mai narka tama, da mai dafa kanwa.

Mai ginar rijiya yana lissafi da gaba. Ya san cikin kwari gaba biyu ko uku sun isa a taɓa ruwa, amma rairayi ne, rijiya na rushewa in ba a ɗaure ta ba. Ya san bisa tudu sai an fasa marmara, a wuce jar ƙasa, a wuce farin yumɓu, a yi gaba ashirin ko talatin kafin a ga damshi. Goriba alama ce gare shi ta ruwa kusa. Farin gari bisa ƙasa da rani alama ce ta zartsi. Maƙeri shi ya san bakin tsaunukan da ke kewaye da kwari inda tama take. Mai kanwa kuwa ya san fadamun da ƙasarsu ke fitar da kanwa, ya kankaro ta, ya tace, ya dafa. Wannan sana'a tsohuwa ce a Dallol Boso, kamar yadda dafa gishiri yake tsohuwar sana'a a Dallol Foga.

Yadda garuruwa suka jeru a bakin kwari ma taswira ce. Kurfayawa a arewa, Abzinawan Imanan da na Tagazar, Zabarmawa, Fulanin Birnin Gaure a kudu, duk ruwa mai kusa ne ya tara su, shi ne kuma ya sa yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka yi zafi a nan. Amma wannan sani yana da iyaka: ya tsaya inda igiyar mai gina ta tsaya. Abin da ke ƙasa da gaba arba'in ba wanda ya taɓa gani.

3. Daga Barth zuwa Greigert

Baturen farko da ya bar mana bayani mai amfani shi ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa Dallol Foga da Dallol Boso a 1853, kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma kwatanta yadda ake dafa gishiri a Foga. Hanyarsa ta bi kudu nesa da Tabla. Bayan Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya bisa Kurfai, ruwa ya zama musu maganar hanya: ina rijiya take, dawaki nawa za ta shayar, kwana nawa tsakaninta da ta gaba. Ayarin Tilho, wanda ya shata iyakar Faransa da Ingila daga Kwara zuwa tabkin Cadi tsakanin 1906 da 1909, ya tafi da masanin duwatsu mai suna Garde. A shekarar 1909 ɗin ne kuma René Chudeau ya buga littafinsa kan Saharar Sudan. Waɗannan ayyuka ne na mutum bisa raƙumi ko doki, da guduma a hannu: abin da ido ya gani a gefen hanya shi ke shiga littafi.

Sunayen da muke aiki da su har yau daga baya suka zo. A 1931 Conrad Kilian ya raba shimfiɗun Sahara waɗanda suka taru bisa tudu, ba cikin teku ba, ya ba biyu daga cikinsu sunan Continental intercalaire da Continental terminal. A shekarun 1950 Henri Radier ya raɗa wa babban kaskon da ya haɗa gabashin Mali da yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato sunan Iullemmeden, daga sunan Abzinawan Iwillimmidan. Kalmar kasko ta dace: tsohon dutsen gindi ya lotsa a tsakiya, shimfiɗu suka cika shi hawa-hawa, bakinsa kuma ya fito fili a Ayar da Adrar na Ifoghas da Liptako.

Mutumin da ya fi kowa barin sawu a nan shi ne Jacques Greigert. Ya buga bayanin shimfiɗun kaskon a 1966. Shi da Robert Pougnet suka fitar da taswirar duwatsun Jamhuriyar Nijar mai ma'aunin 1/2.000.000 a tsakiyar shekarun 1960, da littafin bayaninta a 1967. A 1968 ya rubuta kundinsa kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Nijar, a 1979 kuma shi da Bernert suka fitar da kundin taswirorin wannan ruwa. Greigert ne ya raba Continental terminal gida uku: na ƙasa mai tama, wanda ya fito fili a Adar Dutsi, na tsakiya mai yumɓu da rairayi da ɓurɓushin gawayin ƙasa, na sama kuma dutsen rairayi mai yumɓu na tsakiyar Kwara. Su ne ake taƙaitawa CT1 da CT2 da CT3. A gefen yamma, Bajamushe Eberhard Machens ya zana tsohon dutsen Liptako, ya buga sakamakonsa a 1973. Tirat a 1964 da Boeckh a 1965 sun auna zurfin ruwa a rijiyoyi masu yawa, kuma ba su san cewa awonsu zai yi wani babban amfani bayan shekara 30 ba. A tsallaken iyaka, Amurkawa Anderson da Ogilbee sun buga bincikensu kan makwantan ruwan ƙasar Sakkwato a 1973. Shimfiɗar da muke kira Continental terminal su suna kiran ta da sunan Gwandu. Ruwa ɗaya ne, harsunan mulki biyu suka ba shi suna biyu, har sai da aikin haɗin gwiwa na hukumar OSS ya zaunar da Mali da Nijar da Nijeriya kan teburi ɗaya a shekarun 2000.

Ba mu raina aikin Greigert ba. Duk wanda ya zo bayansa bisa kafaɗarsa ya tsaya. Sai dai a lura da abin da ma'auni yake nufi. A taswira mai 1/2.000.000, milimetir ɗaya kilometir 2 ne. Kwarin da faɗinsa ya kai kilometir 10 bai wuce milimetir 5 ba. Tabla da gonakinta da rijiyoyinta duka bakin fensir ya rufe su. Bayan haka, taswirar duwatsu abin da ke sama take nunawa, alhali ruwan da ake sha na iya fitowa daga hawa na biyu ko na huɗu.

4. Launi ɗaya, ruwa iri-iri

A nan ne ya kamata mu daɗe kaɗan, don shi ne zuciyar maganar.

In muka yi kamar mun yanka ƙasa a Tabla daga sama har gindi, ga abin da za mu ratsa. Da farko rairayin kwari, wanda tsohon kogi da iska suka tara. Sai shimfiɗun Continental terminal guda uku. Sai yumɓu da farin dutse waɗanda teku ya bari, domin teku ya shigo wannan kasko ya fita sau da yawa, ya janye na ƙarshe wajen shekara miliyan 50 da suka wuce. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato na wannan teku ne. Ƙarƙashinsa sai dutsen rairayi na Continental intercalaire da Continental hamadien. Can ƙasa sai tsohon dutsen gindi, mai shekara wajen miliyan 2.000, wanda a Yamai ana ganin sa a bakin kogi, amma yana ƙara nutsewa muddin ana yin gabas. Ke nan wanda ya zo Tabla da tunanin ƙasashen da dutse ke kusa da sama, inda akan ce “ga dutsen, ga ruwansa”, zai ɓata. A nan tsohon dutse ya yi nisa da guga. Abin da ke ba ruwa halinsa shi ne shimfiɗun da ke bisansa.

Mu fara da ruwan tudu, wato makwancin CT3, wanda rijiyoyin gabas da yammacin kwari ke kaiwa. Ƙasar wannan shimfiɗa tsohuwa ce da ruwan sama ya riga ya wanke tun kafin ta taru a nan. Abin da ya rage cikinta shi ne rairayi, da farin yumɓu, da tsatsar ƙarfe, abubuwa uku da ba su narkewa da sauƙi. Saboda haka ruwan da ya ratsa ta ba ya ɗaukar gishiri mai yawa. Shi ya sa ba shi da nauyi a baki. Amma kan hanyarsa ta sauka yana ɗaukar iskar da saiwoyi da ƙwayoyin ƙasa ke fitarwa, wadda ke sa shi ɗan tsami, kuma babu farin dutse cikin shimfiɗar da zai kashe wannan tsami. Ma'aunin tsami da ake kira pH kan tsaya tsakanin 5 da 6, alhali 7 ne tsaka-tsaki. Harshe ba ya jin wannan tsami, ƙarfe kuwa na jin sa. Otto Langenegger, wanda ya bi fanfunan hannu na Afirka ta Yamma a shekarun 1980, ya nuna cewa in pH ya yi ƙasa da 6,5 bututun ƙarfe ba ya daɗewa, kuma sau da yawa jan ruwan da mata ke kuka da shi da safe, mai ɓata tuwo da farin tufafi, daga fanfon yake fitowa, ba daga dutse ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. In ƙarfen daga dutse yake, sai a tace ruwan ko a sake wuri. In daga bututu yake, sai a sake bututu kawai. Fanfon ƙafa na Vergnet, mai bututun roba, ya tsira daga wannan ciwo.

Ruwan kwari kuwa labarinsa dabam ne, ko da yake asalinsa ɗaya da na tudu. Abin da ya raba su rana ce. A wajen Filinge ruwan sama na shekara bai cika kai milimetir 400 ba, alhali rana da iska na iya shanye fiye da milimetir 2.000. Inda makwancin ruwa yake metir ɗaya ko biyu ƙarƙashin ƙasa, ruwa na hawowa ta cikin rairayi kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ƙafe, ya bar abin da ya ɗauko. Da ruwan ya fara kauri, sinadarin kalsiyom shi ke fara fita, ya daskare ya zama tsakuwar farar ƙasa. Abin da ya rage sai sodiyom da bikarbonat, su kuma in suka bushe su ne kanwa. Barbiero da Vallès sun bayyana wannan tafarki a Dallol Boso a 1992. To, ga amsar tambayarmu ta farko: rijiyar da ke gindin tudu, inda sabon ruwa ke shigowa kwari, ko wadda ke bisa jigawar rairayi inda ruwan sama ke nutsewa kai tsaye, ruwanta da daɗi. Wadda ke cikin lotsatsiyar fadama inda ruwa ke tsayawa yana ƙafewa, zartsi ce. Tsakaninsu ba lalle a yi tafiyar rabin sa'a ba. Taswirar duwatsu launi ɗaya ta shafa musu duka. Mai dafa kanwa ya fi ta sanin wannan wuri.

Wannan magana ta shafi noma kai tsaye. Bonkuku ta yi suna da dankalin Turawa, garaken Baleyara da Tabla kuma na kai kaya kasuwar Lahadi ta Baleyara da kasuwannin Yamai. Ban-ruwa da ruwa mai sodiyom da yawa yana kashe ƙasa a hankali: yumɓu ya watse, ƙasa ta toshe, ta zama faƙo. Manomi ba ya ganin abin a shekarar farko.

Sai ruwa na uku, na can ƙasa, wanda yumɓu ya danne: na CT2 da CT1 da na Continental hamadien. A wasu wurare cikin dallol, da an huda yumɓun sai ruwan ya taso da kansa har ya zubo ba tare da fanfo ba. Awon karbon 14 ya nuna cewa irin wannan ruwa tsoho ne, na dubban shekaru, ya shiga ƙasa a zamanin da damina ta fi ta yau. Ruwan da ya daɗe haka yana cuɗanya da dutse yakan bar kalsiyom ya ɗauki sodiyom. Masana sinadaran ruwa sun san cewa inda kalsiyom ya yi ƙaranci, sinadarin fuliyor na samun damar taruwa, domin kalsiyom ne ke kama shi. Ruwan ga shi garau, ba wari, ba ɗanɗano, ba ƙwayar cuta. Ido da harshe, waɗanda suka isa a gane zartsi, a nan ba su da amfani.

5. Yawa kafin kyau

Bayan samun mulkin kai a 1960, damuwar gwamnati ita ce a samu ruwa. An kafa OFEDES a 1963, rijiyoyinta na siminti suka bazu har sunanta ya zama sunan irin rijiyar. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara matsa lamba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 a matsayin shekara goma na ruwan sha, aka shigo da injunan foraji, wato abin da ake ce wa burtsatse a Nijeriya. Ma'aunin nasara a lokacin shi ne wurin ruwa nawa aka gina, mutum nawa ke sha. Ba za mu zargi mutanen da suka ga dabbobi na mutuwa a bakin busasshiyar rijiya ba don sun sa yawa a gaba. Amma a ra'ayinmu kuskure ɗaya ya shiga tunanin zamanin, a Nijar da wajenta: an ɗauka ruwan da ya fito daga zurfi, tun da ba ƙazanta a cikinsa, lafiyayye ne.

Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ita ta biya kuɗin wannan zato. An fara shayar da garin daga foraji mai zurfi a 1985. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka tabbatar da abin da ke lanƙwasa ƙafafun yara, yana rina haƙoransu: fuliyor ne, wanda ya ninka har fiye da sau uku iyakar miligiram 1,5 cikin litir da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ɗaruruwan yara sun naƙasa, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Awon fuliyor ba shi da tsada. A shekarun nan ne kuma aka gano gubar arsenik a rijiyoyin Bangaladesh, daga baya a 2007 aka buga binciken da ya nuna ta a forajin yankin Wahiguya a arewacin Burkina Faso, cikin tsohon dutse mai zinariya, ɗan'uwan na Liptako. Tabla ba Tibiri ba ce, ba Wahiguya ba ce. Abin da ya haɗa su shi ne duk foraji mai zurfi yana shiga shimfiɗar da kakanni ba su taɓa sha daga cikinta ba, saboda haka ba wani sanin gargajiya da zai yi gargaɗi.

A gefe guda, cikin wannan zamani ne ƴan ƙasa suka karɓi aikin. Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970 aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, ta fara fitar da nata masana. Kundin digirin Boureima Ousmane na 1988, kan sinadaran ruwan tsohon dutse a Liptako da kudancin Maraɗi da gabashin Damagaram, yana cikin ayyukan farko da suka aza irin dutse da irin ruwa gefe da gefe a faɗin yanki. Na Abdou Guéro na 2003 ya duba yadda makwantan ruwan kudu maso yammacin kaskon ke zuba cikin juna.

6. Ruwan da ya hau lokacin fari

A 1992 aka yi babban binciken HAPEX-Sahel cikin wani murabba'i gabas da Yamai, tsakanin digiri 13 da 14 na arewa, da 2 da 3 na gabas. Baleyara da Tabla suna dab da layinsa na gabas. Filinge na waje. Masanan ORSTOM, wadda ta koma IRD, tare da ma'aikatan ruwa na Nijar, sun ci gaba da auna rijiyoyi bayan an watse. Da Christian Leduc da Guillaume Favreau suka kwatanta awonsu da na Tirat da Boeckh, sai suka ga abin da ba a zata ba: ruwan CT3 hawa yake yi. Sun buga wannan a 2001, a 2009 kuma aka ba da lissafin cewa ya hau wajen metir 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali cikin waɗannan shekaru ne aka yi fari mafi tsanani.

Dalilin shi ne saran daji. Da aka share geza da sabara aka yi gonakin hatsi, ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ya daina nutsewa inda ya faɗi, ya riƙa gudu ta ƙoramu yana taruwa a tabkuna. Ta gindin tabkunan nan ne yake sauka zuwa makwanci. Amma bai sauka shi kaɗai ba. Sinadarin nitirat, wanda ya daɗe a tare cikin ƙasar daji, ya bi shi, kuma awon ya nuna cewa mafi yawansa daga ƙasar da aka share yake, ba daga takin zamani ko masai ba. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ce cikin litir, jarirai ne kuma suka fi shiga haɗari. A birnin Yamai Pierre Girard ya bi sawun nitirat a shekarun 1990, inda masai ke da hannu a ciki. A garuruwan kwari, inda ruwa ke metir biyu ko uku ƙarƙashin masai da turken dabbobi, cikin rairayin da ba ya riƙe komai, hanyoyin biyu duka a buɗe suke.

Darasin da masu taswira suka ɗauka a nan shi ne dutse bai sake ba tun zamanin Greigert, amma ruwan ya sake cikin rayuwar mutum ɗaya. Taswirar shimfiɗu na faɗin abin da ruwa zai iya ɗauka. Ba ta faɗin abin da gatari da garma suka ƙara masa. Hawan ruwa kuma, wanda alheri ne bisa tudu, a cikin kwari yana iya kusanto da makwanci ga rana, fadamun kanwa su faɗaɗa.

7. Abin da za a iya yi a Tabla

Ta fannin doka an ci gaba: dokar ruwa ta 1993, sabon kundin dokar ruwa na 2010, da tsarin PANGIRE da aka amince da shi a 2017. Ma'aikatar ruwa na da rajistar wuraren ruwa cikin kwamfuta. Sai dai rajista tana da amfani ne gwargwadon abin da aka zuba mata. Kwalbar ruwa da aka auna ba tare da an rubuta zurfin da aka sa matatar foraji ba, ba ta gaya mana ko ruwan CT3 ne, ko na CT1, ko gauraye. Takardar da mai foraji ke cikawa metir bayan metir, rairayi nan, yumɓu nan, ita ce ke ɗaure sinadari da shimfiɗa, ita ce kuma ta fi saurin ɓata in aiki ya ƙare. Mun taɓa neman irin waɗannan takardu na wani tsohon aiki, aka nuna mana kwali a bayan ofis wanda gara ta riga mu karantawa.

Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan arewacin jahar Tilaberi a 2017, fita daji da mota don awo ya yi wuya, musamman arewa da Filinge. Wannan ya ƙara ƙarfin hujjar a danƙa awo mai sauƙi ga mutanen da ke zaune a wurin: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai gyaran fanfo. Abin auna gishirin ruwa da na pH kowanne na shiga aljihu.

Shawararmu ga sashen ita ce a ja layi ɗaya da ya ratsa kwari ta Tabla, daga tudun yamma zuwa tudun gabas, a zaɓi rijiyoyi da foraji bisa wannan layi, a rubuta zurfin kowanne da shimfiɗar da yake sha. A auna su sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwan farko da watan Oktoba bayan na ƙarshe: zurfin ruwa, gishiri, pH, nitirat, ƙarfe, da fuliyor ga duk foraji da ya huda yumɓu. A gefen kowace lamba a rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran ƙasar da ruwan da shi, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, kamar yadda masu ginar rijiya da masu kanwa suka faɗa. In layin Tabla ya tsaya da ƙafarsa, a ja na biyu a Bonkuku, na uku a Filinge.